Ƙorafi a kan ƙaramar hukuma: ta yaya yake zama gyara?

Da zarar damina ta kankama a Gombe, hirar majalisa da ta teburin mai shayi kusan ɗaya ce: kwalbati ya toshe, ruwa ya shiga gidaje, bola ta cinye rabin lungu, famfon burtsatse ya mutu tun bara. A yi ta faɗa har dare, a watse, baɗi a sake. Na daɗe a cikin kwamitin unguwarmu, kuma tambayoyin nan su ne na fi ji daga bakin maƙwabta.

Me ma ya rataya a wuyan ƙaramar hukuma?

Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera su a Jadawali na Huɗu. Akwai kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabartu, bandakunan jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari da fitilunsu, har da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Sannan tana da hannu a makarantun firamare, ilimin manya, aikin gona da kiwon lafiya. Wannan nauyi yana kan dukkan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, ciki har da 11 na Gombe, daga Nafada zuwa Shongom, da 20 na Bauchi. Wanda ya je yana neman a yashe magudana ba roƙo ya je yi ba, haƙƙinsa ya je nema.

To me ya sa idan an je sakatariya sai a ce ba aikinsu ba ne?

Wani lokaci zillewa ce, amma sau da yawa gaskiya suka faɗa. A manyan birane jiha ta karɓi wasu ayyukan. Sharar babban birni tana hannun hukumar kare muhalli ta jiha, wato GOSEPA a Gombe, BASEPA a Bauchi. Ruwan famfon da ake turowa daga Dadin Kowa, ko daga madatsar Gubi a Bauchi, hukumomin ruwa na jiha ne ke kula da shi. Gina aji da gyaransa yawanci ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, yake bi, ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Taransifoma kuwa ta kamfanin rarraba wutar lantarki na JED ce, ko da ɗan siyasa ne ya saya ya kawo. Manyan kwaruruwan zaizayar ƙasa da suka addabi garin Gombe sun fi ƙarfin aljihun kowace ƙaramar hukuma, sai jiha da tarayya.

Saboda haka idan aka ce maka ba nan ba ne, kada ka juya da fushi. Ka tambaya: ina ne, kuma wa zan gani? Ƙorafi da yawa a nan suke mutuwa, don an kai su ƙofar da ba tasu ba.

Wa ya kamata a fara gani?

Kansila. Shi aka zaɓa daga mazaɓarku, shi ke zama a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma kun san gidansa. Tare da shi a bi ta mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, domin takardar da ta biyo ta hannun masu sarauta ba kasafai ake jefar da ita ba. Idan matsalar asibitin sha-ka-tafi ce, akwai kwamitin raya mazaɓa da ke zama da ma'aikatan lafiya. Idan ta makaranta ce, akwai kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda iyaye da malamai da dattawan gari ke ciki. Maƙwabcin da ya saki ruwan wanka a hanya kuwa, wannan aikin duba-gari ne.

Me ya raba ƙorafin da ake aiki da shi da wanda ake mantawa?

Takarda, da bibiya. Wannan na gan shi da idona.

Famfon burtsatsen unguwarmu ya lalace, muka shafe watanni muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Yara mata kan fita da asuba da jarkoki, su dawo an riga an shiga aji. Duk wanda ka tambaya sai ya ce ai an faɗa wa hukuma. Da muka bincika, ashe wani ne ya tari wani a wurin ɗaurin aure ya ce masa, “Honarabul, famfonmu fa,” shi kuma ya ce in sha Allahu. Iyakar ƙorafin ke nan.

Sai muka zauna a zauren mai unguwa bayan sallar isha'i. Wani malamin firamare ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya: inda famfon yake, ranar da ya tsaya, gidaje nawa ke sha daga gare shi, da abin da makaniki ya ce ya lalace. Muka haɗa hoto. Magidanta suka sa hannu, wasu suka dangwala, mata ma aka zagaya musu da takardar gida-gida. Da za mu fita, mai unguwa ya ce wa malamin, “Malam, ku yi ta biyu. Ɗaya ku ba su, ɗaya su buga muku hatimi ku dawo mini da ita.” Malamin ya ce, “To, Baba, an gama.” Wannan kwafin mai hatimi da kwanan wata shi ya yi mana aiki. Sau uku muna komawa, kuma kowane zuwa ba gardama a kan ko an kawo ko ba a kawo ba, tambaya ɗaya ce: takardar tana teburin wa yanzu? A zuwa na uku aka haɗa mu da ma'aikacin sashen ayyuka ya zo ya duba, bayan 'yan makonni ruwa ya dawo.

Dalilin da ya sa takarda ke aiki shi ne yadda ofis yake tafiya. Wasiƙa na shiga rajista, a buɗe mata fayil, shugaba ya rubuta a kanta ya tura wa shugaban sashen da abin ya shafa. Shi kuma ya aika a duba, a yi ƙiyasin kuɗi, a kai wa kwamitin kuɗi ya amince. Ma'aji ba zai fitar da ko sisi a kan maganar baka ba, domin gobe mai binciken kuɗi zai tambaye shi hujja. Ma'aikaci mai son yin aiki ma yana buƙatar takardarku don ya kare kansa. Kuma idan wasiƙu biyar suka zo daga mazaɓu daban-daban duk a kan famfo, shugaba mai hankali zai gane cewa abin da ya rasa shi ne makanikin da ke zagayawa, ba famfo ɗaya ba. Ta haka ƙorafin unguwa guda kan gyara tsarin da kowa zai amfana.

Lokaci ma yana da tasiri. Ƙaramin gyara ana iya yin sa da kuɗin gudanarwa na wata-wata, amma sabon kwalbati ko ginin rumfunan kasuwa sai ya shiga kasafi, kuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa kasafi. Magudanar da kuke so a gina kafin damina mai zuwa, tun da kaka ya kamata takardarta ta isa.

Kullum sai a ce babu kuɗi. Gaskiya ne?

Akwai kuɗi, sai dai a tambayi nawa ke isowa da inda suke tafiya. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma albashin malaman firamare da na ma'aikata na cin babban kaso tun kafin a zo maganar aiki. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai doka ta sani, ba kantomomi ba. Hukunci daban, aiwatarwa daban, amma ya ba talaka madogara. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. A ganina, kwamitin unguwa da ya shiga ofis da adadin kason watan jiya a hannunsa ya fi wanda ya shiga da ɓacin rai kawai samun kunnen sauraro.

Idan an yi duk wannan kuma aka yi biris fa?

Akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammed. Tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar lauya. Za ta so ta ga cewa kun fara bin hanyar da ta dace, a nan ma kwafin nan mai hatimi zai yi rana. Kada a bari abin ya wuce wata 12, kuma hukumar ba ta shiga maganar da ke gaban kotu. Akwai kuma ɗan majalisar jiha na mazaɓarku. Idan kuwa an fitar da kuɗin aiki ne aka cinye, wannan ya zama na ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa.

Rediyo da Facebook suna da amfani, na sha ganin shirin kiran waya na safe ya sa an kwashe bola kafin la'asar. Amma kunya ce ke sa wannan, kuma kunya ba ta daɗewa. Ya fi kyau mai kira ya iya cewa ga ranar da muka kai takarda, ga ofishin da ya karɓa.

Ba za a ce mutum ɗan adawa ne ba?

Za a iya cewa, kuma tsoron nan ba na banza ba ne, musamman ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da rumfarsa ke hannun hukuma. Shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya ɗauki abin a kansa. A rubuta da sunan unguwa, a sa 'yan kowace jam'iyya su sa hannu, limami da mai unguwa a gaba. A tsaya a kan famfo ko magudana, ban da zagi, ban da zargin da ba a da hujjarsa. Mu da aka gyara namu, mun koma da wasiƙar godiya, ita ma kwafi biyu, muka kuma naɗa mutum uku masu karɓar ɗan abin da kowane gida ke bayarwa duk wata don sayen roba da giris. Takardar magudanar bakin makaranta tana hannun malamin nan yanzu, muna so ta shiga kafin Oktoba.