Daidaita ƙarfin wuta da gudu a firosesa mai ƙwayoyi da yawa

Daidaita ƙarfin wuta da gudu, wanda injiniyoyi ke kira DVFS a taƙaice, dabara ce ta rage cin wuta a firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta ko wayar salula. Idan aiki ya yi sauƙi, sai a sassauta gudunta, a kuma rage ƙarfin wutar da ake ba ta. Da ya yi nauyi a mayar. Ana yin haka sau da yawa cikin daƙiƙa guda, mai na'ura bai ma sani ba.

Dabarar ta dogara ne a kan lissafi. Wutar da taransistoci, wato ƙananan makunnan da ke cikin firosesa, ke ci wajen kunnawa da kashewa tana ƙaruwa daidai da gudu, amma shi ƙarfin wuta ninka shi ake yi da kansa. Saboda haka in aka rage kowannensu da kashi 20 cikin 100, cin wutar yakan sauka zuwa kusan rabi. Rage gudu kaɗai bai cika amfani ba, don aikin zai daɗe, a tashi kusan lissafi ɗaya. Ribar tana wajen ƙarfin wuta, shi kuwa ba ya saukuwa sai an fara sauke gudu, domin taransistar da aka rage wa wuta nawa take yi.

Kamfanin Intel ya fito da irin wannan dabara da sunan SpeedStep a 2000, kamfanin AMD kuma da tasa mai suna PowerNow! a shekarar. Wajen 2005 zafi ya hana kamfanoni ci gaba da ƙara gudu, sai suka koma cusa ƙwayoyi, wato sassan da ke yin lissafi, biyu ko fiye a firosesa ɗaya, kowace da aikinta. Nan wata matsala ta taso. Idan ƙwayoyin duka suna shan wuta daga mashaya ɗaya, wadda ta fi aiki ita ke yanke ƙarfin da za a ba kowa, ko da sauran zaune suke. Raba wa kowace ƙwaya nata ya fi tsimi, sai dai yana cin wuri da kuɗi, shi ya sa aka fi haɗa su rukuni-rukuni. A 2011 kamfanin ARM ya gabatar da tsarin big.LITTLE: manyan ƙwayoyi don aiki mai nauyi, ƙanana don irin su karanta saƙo. Wayoyin Android da yawa irin wannan gini ne da su.

Dabarar tana da iyaka. Taransista tana yoyon wuta ko ba ta aiki, yoyon kuma yana ƙaruwa da zafi. Wani lokaci gara ƙwaya ta gama aikinta da sauri ta kwanta, da a ce tana ja a hankali wuta na zuba.

Batun zafin nan sananne ne a Bauchi da Gombe. A watannin Maris da Afrilu, waya da aka jona caji ana kallon bidiyo takan ɗau zafi ta fara nawa, mai ita ya ce ta tsufa ko ƙwayar cuta ta shige ta. Sau da yawa lafiyarta ƙalau: ma'aunin zafi ne da ke cikinta ya sa firosesar sauke gudu da ƙarfin wuta, kuma da an cire ta daga caji ta huce a inuwa sai gudun ya dawo.