Ƙari ba sunan cuta ba ne

Kwanakin nan duk tashar rediyon da ka murɗa sai ka ji mai tallan magani yana cewa yana "narkar da ƙari ba tare da tiyata ba". Wane ƙarin? Kalmar daga "ƙara" ta fito, wato abin da ya ƙaru a jiki wanda da babu shi. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kullutun kitse a kafaɗa ƙari ne, na mahaifa ƙari ne, wanda zai kashe mutum shi ma ƙari ne. Haɗa su a kwalba ɗaya shi ne abin da yake ƙona mini rai.

Ɗauki ƙarin da ke fitowa a can bayan kayan ciki. Hanji da tumbi suna cikin wani tantani kamar jaka. Tsakanin jakar nan da ƙashin baya akwai wani lungu inda ƙoda biyu suke, da manyan jijiyoyin jini, da kitse. Wuri ne mai yalwa, don haka ƙari yakan yi ta girma shiru, babu zafi. Mutum ya ga ciki ya fito, ya ce teɓa ce. Sau da yawa kafin a gano shi ya wuce santimita 20. A manya, mafi yawan masu tsirowa daga naman wurin dajin da likitoci ke kira sarkoma ne, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne liposarkoma, dajin kitse. A ido kamar kitsen lafiya yake, shi ya sa iyakarsa take da wuyar ganewa.

Wannan ba ya narkewa. Maganinsa wuƙa, duk da maganar da muka gada cewa daji ba ya son ƙarfe. Har gasa ƙarin da hasken na'ura an gwada: wani babban bincike mai suna STRASS da aka fitar a 2020 bai nuna cewa gasa ƙarin kafin tiyata ya fi tiyatar kaɗai hana shi dawowa ba, in an haɗa marasa lafiyar gaba ɗaya.

Sai dai maganar ƙarfen akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. In aka buɗe ciki ba shiri, aka fasa ƙarin ko aka yanko shi gutsure-gutsure, an shuka shi ke nan. Ƙa'ida ita ce a yi hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, a soka allura ta baya a ɗebo ɗan nama a gwada, domin wasu ƙarin na wannan lungu, irin dajin kaluluwa, magani ake ba su, ba fiɗa ba. In sarkoma ce, sai a ciro ta dunƙule guda tare da abin da ta manne wa, galibi ƙoda ɗaya da wani sashe na babban hanji. Dangi kan tayar da hankali su ce an cire wa ɗan'uwansu ƙoda mai lafiya. Ina fahimtarsu, amma barin ƙodar na iya zama barin saiwar cutar.

Ko bayan aikin ya yi kyau, dajin kitse yakan dawo a wurin da ya fito, wani lokaci bayan shekaru, don haka ake ci gaba da yin hoto. Tiyata ta biyu kuwa ta fi ta farko wuya, saboda tabo ya riga ya manne hanji da juna.