Dokar hayaƙin da ta raba tsofaffin motocin Amurka gida biyu

Duk wanda ya je sayen tsohuwar mota a jihar Kalifoniya ta Amurka, kafin ya duba fenti ko ya saurari inji, shekarar ƙira yake fara tambaya. In aka ce ta 1975 ce ko ta gabanta, sai hankalinsa ya kwanta. In aka ce ta 1976 ce, sai ya sake lissafi, domin wannan motar duk bayan shekara biyu sai ta je an gwada hayaƙinta, in ta faɗi kuwa ba za a sabunta mata rajista ba. Motoci biyu masu kama ɗaya, shekara guda ce tsakaninsu, amma doka ta yi musu hukunci daban. Kafin a gane dalili, sai an koma ga motocin da kansu da kuma dokar da ta taka musu birki.

Amurkawa suna da wasu motoci da suke kira masu ƙwanji. Dabarar ƙera su ba ta da wuya: a ɗauki matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas, a sayar da ita a farashin da saurayi mai albashi zai iya biya. Yawanci ana fara lissafin zamaninsu daga Pontiac GTO ta 1964, wadda injiniya John DeLorean da abokan aikinsa suka sa wa inji mai lita 6.4. Da kasuwa ta karɓe ta, sauran kamfanonin birnin Ditroit suka shiga gasa. Aka samu Dodge Charger da Plymouth Road Runner, aka samu injin Hemi mai lita 7 da aka rubuta masa ƙarfin doki 425, har aka kai ga Chevrolet Chevelle SS ta 1970 mai injin lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Masoyansu har yau suna nan birjik. A kowace Asabar ta uku ta watan Agusta, tun daga 1995, suna cika titin Woodward da ke fita daga Ditroit, kaka da jika a mota ɗaya, ana buɗe bonet ana nuna wa juna inji. Wata Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi an yi gwanjonta kan dala miliyan 3.5 a 2014.

To amma abin da ke fita daga salansar motocin wancan zamani ba abin wasa ba ne. Birnin Los Anjalis duwatsu ne suka kewaye shi, hayaƙi ba ya samun hanyar fita, sai ya kwanta a kan gari ya zama hazo mai sa ido ƙaiƙayi da ƙirji zafi. Wani masanin sinadarai na jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, shi ne ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa hasken rana ne ke dafa hayaƙin motoci da na masana'antu ya mayar da shi wannan hazo. Kalifoniya ta riga kowa ɗaukar mataki. A 1967, lokacin Ronald Reagan yana gwamna, ta kafa hukumar kula da iska da ake kira CARB. Wannan rigaye da ta yi ne ya sa dokar tarayya ta buɗe mata ƙofar neman izinin kafa ƙa'idojinta masu tsanani fiye da na sauran jihohi.

Babbar dokar ita ce Dokar Tsabtace Iska, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu ranar 31 ga Disamba, 1970, a watan da aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato EPA. Sanata Edmund Muskie na jihar Maine shi ne ya tsaya kai da fata a kanta. Ta umarci kamfanoni su rage kashi 90 cikin ɗari na iskar kabon monoksaid da ragowar fetur da bai ƙone ba kafin motocin 1975, sannan kashi 90 na naitirojin oksaid kafin na 1976. Kamfanonin suka ce abin ba zai yiwu ba, aka yi ta ɗaga musu wa'adi, har majalisa ta yi wa dokar kwaskwarima a 1977. Duk da haka alƙibla ta riga ta juya.

Ga yadda abin ya taɓa inji. Ƙarfin waɗannan motoci daga matsi yake zuwa: fistin yana matse haɗin fetur da iska a cikin silinda, iya matsin iya ƙarfin fashewar. Injin Chevelle ɗin can yana matse haɗin fiye da ninki 11. Amma fetur mara inganci ba ya jure irin wannan matsi, sai ya kama da wuta kafin lokacinsa, injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Maganin da aka dogara da shi a lokacin shi ne zuba dalma a cikin fetur. Ita kuma na'urar tace hayaƙi da kamfanoni suka ga ita ce mafita, wadda kanikawanmu ke kira indomi, dalma ce ajalinta, domin tana lulluɓe ƙarafa masu tsada da ke cikinta su daina aiki. Ke nan dole dalma ta fita, in ta fita kuma dole matsi ya sauka. Shugaban kamfanin General Motors, Ed Cole, tun a 1970 ya yanke cewa injunansu na 1971 za su koma shan fetur mai ƙarancin dalma, matsi ya sauko zuwa kusan ninki 8.5 a yawancinsu. Hemi ya yi bankwana bayan 1971. A 1974 aka daina ƙera Plymouth Barracuda da Dodge Challenger da GTO, sabuwar Mustang ta wannan shekara ma ko inji mai silinda takwas ba ta zo da shi ba. Da motocin 1975 suka fito, yawancinsu da na'urar tace hayaƙi, Corvette ta ƙasa-ƙasa ƙarfin doki 165 kawai ta zo da shi.

Sai dai a yi adalci, ba dokar kaɗai ta kashe zamanin ba. Kamfanonin inshora sun lafta kuɗi mai nauyi a kan samari masu manyan injuna. Takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a Oktoban 1973 ya sa layi a gidajen mai. Ga kuma sauyin ma'auni a 1972: a da ana auna ƙarfin inji shi kaɗai a kan teburin gwaji, sai aka koma auna shi da salansa da matatar iska da duk abin da yake ja a cikin mota. Wani ɓangare na faɗuwar lambobin a takarda kawai ya faru.

Yanzu me doka ke nema daga mai tsohuwar mota? Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ba a ce motar 1969 ta yi tsabtar motar bana ba. Kowace mota da ma'aunin shekararta ake yi mata hukunci. Abin da aka hana shi ne a mayar da ita ƙasa da yadda ta fito daga masana'anta. Sashe na 203 na dokar ya haramta cirewa ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi da aka ƙera motar da ita, ya kuma haramta ƙerawa ko sayarwa ko ɗaura kayan da aikinsu shi ne kewaye wannan na'ura. Da farko haramcin cirewar a kan kamfanoni da dillalai ya fi tsayawa. Gyaran 1990 ne ya faɗaɗa shi ya hau kan kowa, har mai motar da ke kwance a ƙarƙashinta a garejin gidansa. Tarar mutum ɗaya tana kai dubban daloli, ta dillali ko kamfani kuwa dubun dubata a kan kowace mota.

Canjin inji ma yana da ƙa'ida. Mai son ɗaura wani inji, sai ya kasance na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, kuma ya taho da duk kayan hayaƙinsa. Ana iya sa injin zamani a tsohuwar Camaro, amma ba a ɗauko injin 1969 a dasa a motar 1980. A Kalifoniya, motar da ke ƙarƙashin gwaji in an canja mata inji sai an kai ta wurin alƙalin gwaji na jiha ya duba. Kayan ƙarin ƙarfi kuma, irin su kafireta ko bututun hayaƙi, sai masu ɗauke da lambar amincewar CARB. Mai gwaji yana buɗe bonet ya bi tiyo-tiyo da ido, in ya ga baƙon abu ya nemi lambarsa. Mota tana iya fitar da hayaƙi mai tsabta ta faɗi saboda ƙaramin bawul guda da ya ɓace, wanda wataƙila an daina ƙera shi shekaru da yawa.

Wannan ne ya ba layin 1975 nauyinsa. Kalifoniya ta fara gwajin hayaƙi na duk shekara biyu a 1984. A 1997 aka yi doka mai sassauci, wadda ta tanadi cewa duk motar da ta cika shekara 30 za ta fita daga gwaji. A 2004 majalisar jihar ta soke wannan tanadi, Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu, layin ya daskare a 1975. Tun daga nan bai motsa ba. Pontiac Trans Am ta 1977 tana dab da cika shekara 50, amma har yanzu tana bin layin gwaji. A lura kuma, yafe gwaji bai halatta cire kayan hayaƙi ba. Motar 1970 a doka dole ta riƙe abin da ta fito da shi, babu dai mai dubawa ne duk shekara biyu. Sauran jihohi kowace da tsarinta: wasu suna yafe wa motar da ta kai shekara 25, wasu ba sa gwajin ma sam, wasu kuma suna ba da lambar motar tarihi bisa sharaɗin ba za a mayar da ita motar zuwa aiki kullum ba.

A 2025 'yar majalisar dattawan jihar, Shannon Grove, ta kawo ƙudiri mai lamba SB 712, wanda aka laƙaba wa sunan Jay Leno, tsohon mai gabatar da shirin talabijin da ya shahara da tara motoci. Manufarsa a sassauta wa motocin ajiya da suka haura shekara 35. Ya tsallake majalisar dattawa, ya maƙale a kwamitin kuɗi na majalisar wakilan jihar.

A ganina dokar 1970 tana cikin mafi alherin abin da Amurka ta yi wa talakanta. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma yaran da suka fi shaƙar ta su ne na unguwannin da ke gefen manyan tituna, waɗanda iyayensu ba su da halin tashi. Babu ƙarar inji da ta kai darajar wannan. Amma ina ganin masu tsofaffin motoci suna da gaskiya a kan layin da ya daskare. Motar da ake fitowa da ita ranar Asabar, a wanke ta, a zaga gari a mayar da ita ɗaki, ba ita ke turnuƙe Los Anjalis ba. Masu adawa da sassaucin suna cewa tsohuwar mota ɗaya tana fitar da hayaƙin sababbi da yawa, kuma wasu za su fake da sunan ajiya su riƙa hawanta kullum. Damuwa ce ta gaske, kuma tana da magani: a ɗaure sassaucin da iyakar tafiyar da motar za ta yi a shekara, wanda ya wuce iyaka ya koma layin gwaji.

Akwai wata rigimar da ba ta mutu ba. A 2015 EPA ta bayyana matsayinta cewa motar da aka ƙera domin titi ba ta fita daga dokar don kawai an mayar da ita ta tsere. Ƙungiyar masu ƙera kayan ƙarin mota, SEMA, ta tayar da ƙura, aka gabatar da ƙudirin RPM a majalisar tarayya tun 2016 don halatta hakan, an sake kawo shi sau da dama, bai zama doka ba. Inda masoyan suka yi nasara shi ne wajen kwafi. Wata dokar sufuri ta Disamban 2015 ta ba ƙananan kamfanoni damar ƙera har mota 325 a shekara masu siffar motar da ta kai shekara 25, da sharaɗin injinsu ya cika ƙa'idar hayaƙi ta yau. Sai a 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar Amurka ta kammala ƙa'idojin aiwatar da ita.

Shi kuwa fetur mai dalma, an haramta sayar da shi ga motocin titi a Amurka daga 1 ga Janairu, 1996. Wannan ya bar wa masu injunan da aka ƙera kafin farkon shekarun 1970 aiki, domin dalmar tana kare mazaunin bawul daga ci. Mai gyaran irin wannan inji yakan kai kan silinda wurin masu injin yanka ƙarfe a dasa masa mazauni mai tauri, wanda bai kai ga haka ba yana zuba maganin da ke maye gurbin dalma a tanki. Fetur ɗin yau kuma yawanci yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin itanol, mai cin tsohuwar roba, don haka tiyon mai da robobin kafireta su ma sai an sauya su da na zamani.