Karnukan tsere: me ya sa ake haifar su da yawa haka?

Kullum tambayoyin nan ake maimaita min, to ga amsa a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai da gaske ana tseren karnuka?

Ana yi mana. Ingila, Ailan, Ostareliya. Irin dogon karen nan siriri da Turawa ke kira Greyhound, gudunsa na kai kilomita 70 a awa, suna bin zomon bogi mutane na zuba caca.

Amurka fa?

Ya kusa mutuwa. Jihar Fulorida ta kaɗa ƙuri'ar hana shi a 2018.

Ai mai kiwon karen gida ma kuɗi yake nema, meye bambancin?

Haba, sau nawa zan faɗa. Mai karen gida in karyarsa ta haifi bakwai, sati takwas ya sayar da su duka, mai saye kyau da lafiya kawai yake dubawa. Shi ko mai karen tsere sai ya ci da su sama da shekara, abinci, allura, horo, kafin ya san wanne ne mai gudu, kuma tilas ya haifi da yawa ko ya dace da zakara ɗaya. Wanda bai da sauri ya zama asara tun yana da ƙuruciyarsa. Mai saurin ma shekara 4 ko 5 ya gama aiki, alhali zai iya kai 12 a duniya.

Ragowar ina suke zuwa?

Nan ne abin ke min ciwo. Binciken da aka yi a jihar New South Wales ta Ostareliya a 2016 ya ƙiyasta an kashe tsakanin dubu 48 zuwa dubu 68 cikin shekara 12. Gwamnatin jihar ta ce ta hana tseren, bayan 'yan watanni ta janye. A Ailan ma wani shirin gidan talabijin na ƙasar a 2019 ya ce kusan dubu 6 ake kashewa a shekara.

Ina zaune a Ingila, in karɓi karen tseren da ya yi ritaya?

To, ya danganta fa. Kwantar da hankalinka, yawancinsu ba su da faɗa, ga barci kamar me, ba sai kana gudu da shi kullum ba. Amma in kana da mage a gida ka yi tunani sosai, an horar da shi ya bi duk ƙaramin abu mai motsi, wani yana sabawa wani har abada, shi ya sa ake sa musu takunkumi in za a fita, kuma kar ka kuskura ka kwance igiya a filin da ba shinge. Wani bai taɓa hawa bene ba sai ka gan shi ya ƙame a ƙasan matakala yana rawar jiki, sai da lallashi. Fatarsa ba kauri, ba kitse, lokacin sanyi sai da riga, haƙoransu kuma suna yawan ba da matsala, likitan dabbobi a can ko ba araha. In haya kake tambayi mai gida tukuna, kar ka karɓo bayan wata biyu ka mayar.