West Side Story: Wasan Daɓe Mai Waƙa da Rawa, Mawallafansa, da Yadda Ake Koyar da Shi

West Side Story wasan kwaikwayo ne na daɓe, irin wanda magana da waƙa da rawa ke haɗuwa su ɗauki labari ɗaya. An fara nuna shi a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York a Amurka, ranar 26 ga Satumba, 1957, a gidan wasa na Winter Garden. Mutum huɗu ne suka haɗa shi: Leonard Bernstein ya tsara kiɗa, Stephen Sondheim ya rubuta baitocin waƙoƙi, Arthur Laurents ya rubuta labari da maganganun 'yan wasa, Jerome Robbins kuma, wanda tun farko shi ya kawo shawarar, ya ba da umarni ya kuma tsara rawa. An gina labarin a kan Romeo and Juliet na William Shakespeare, wasan masoya biyu daga gidaje masu gaba da juna, sai dai an ɗauke shi daga Verona ta Italiya an kai shi titunan New York, inda gungun samari biyu ke rikici a kan iko da unguwa. Yana cikin wasannin da makarantun sakandare a Amurka da Birtaniya suka daɗe suna karantarwa, a ajin adabi da ajin kiɗa, suna kuma hawa daɓe da shi.

Asalin wasan

A farkon 1949 Robbins ya tuntuɓi Bernstein da Laurents da tunanin mayar da Romeo and Juliet zamani. A wancan tsari, rikicin tsakanin Katolika da Yahudawa ne a gabashin Manhattan, wani yanki na New York, sunan da aka sa masa kuwa East Side Story. Aikin bai yi nisa ba aka jingine shi, kowa ya kama gabansa.

Sai a 1955 maganar ta sake tasowa, lokacin da Laurents da Bernstein suka haɗu a Los Angeles, jaridu kuma na cike da labarin faɗan gungun matasa. Nan suka ga abin da suka rasa shekara shida: rikicin da ke ci a birane a lokacin na baƙi ne da 'yan gida, na launin fata da harshe. Suka mayar da labarin yammacin Manhattan, suka sa ɗaya ɓangaren ya zama 'yan Puerto Rico. Wannan tsibiri ya shiga hannun Amurka a 1898, an kuma ba mutanensa 'yancin zama 'yan ƙasa a 1917. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa kwararowa New York neman aiki. Ke nan a takarda ba baƙi ba ne ko kaɗan, amma a titi kallon baƙi ake musu, kuma a kan wannan saɓani wasan ya tsaya.

Samun kuɗin shirya shi ya yi wuya. Masu zuba jari sun saba da wasan waƙa mai ban dariya da ƙarshe mai daɗi, ga shi wannan an rufe kashinsa na farko da gawa biyu a daɓe. Daga ƙarshe Harold Prince da Robert Griffith suka ɗauki nauyi. An gwada shi a Washington da Philadelphia kafin New York, inda aka nuna shi sau 732 a zangon farko. A Landan, inda aka buɗe shi a Disamba 1958, ya fi haka daɗewa.

Labarin

Gungun Jets 'ya'yan Turawa ne haifaffun Amurka, shugabansu Riff. Gungun Sharks 'yan Puerto Rico ne, shugabansu Bernardo. Tony, aminin Riff, ya bar daba ya kama aiki a kantin wani dattijo da ake kira Doc. A wurin wata rawa da aka shirya don sasanta matasan unguwa, Tony ya haɗu da Maria, ƙanwar Bernardo, wadda ba ta daɗe da zuwa daga tsibirin ba, kuma an riga an yi mata miji, wani Chino. Suka kamu da son juna a daren.

Maria ta roƙi Tony ya hana faɗan da ɓangarorin biyu suka shirya a ƙarƙashin gada. Shigarsa ce ta ɓata al'amarin: Bernardo ya daɓa wa Riff wuƙa, Tony kuma cikin zafin rai ya kashe Bernardo. Daga baya Anita, budurwar Bernardo, ta yarda ta kai wa Tony saƙon Maria, amma 'yan Jets suka tare ta a kantin Doc suka ci zarafinta. Cikin fushi ta yi ƙaryar cewa Chino ya harbe Maria. Tony ya fita titi yana kiran Chino ya zo ya kashe shi shi ma. Ya hango Maria da ranta, a daidai lokacin Chino ya harbe shi. Maria ba ta mutu ba, saɓanin Juliet. Ta ɗauki bindigar, ta fuskanci ɓangarorin biyu, ta ɗora musu alhakin kisan baki ɗaya, sannan samarin gungun biyu suka ɗauki gawar tare.

Mawallafan

Leonard Bernstein, wanda aka haifa a 1918 a jihar Massachusetts ya rasu a 1990, shi ne mafi shahara a cikinsu lokacin. Madugun ƙungiyar makaɗa ne, kuma a 1958 ya zama daraktan kiɗa na New York Philharmonic. Malami ne a ɗabi'arsa: shirye-shiryensa na talabijin don yara, Young People's Concerts, sun gudana a tashar CBS daga 1958 zuwa 1972, har yanzu kuma malaman kiɗa na nuna su a aji. Yana rubuta West Side Story ne a lokaci guda da wani wasansa, Candide, har wasu karin waƙa suka yi ƙaura daga wancan zuwa wannan.

Stephen Sondheim yana da shekara 27 aka buɗe wasan, kuma shi ne aikinsa na farko a Broadway. Burinsa ya tsara kiɗa ne, don haka ya yi jinkirin karɓar aikin rubuta baitoci kawai, sai da ubangidansa Oscar Hammerstein II ya ba shi shawarar ya karɓa don ya koyi aiki a wurin manya. Da farko shi da Bernstein aka rubuta a matsayin marubutan baitocin, daga baya Bernstein ya janye sunansa ya bar wa yaron. Sondheim ya zama babban mawallafin wasan waƙa na zamaninsa kafin rasuwarsa a 2021, amma bai taɓa ɓoye rashin gamsuwarsa da wasu baitocinsa na nan ba. Ya sha sukar waƙar "I Feel Pretty", a kan cewa ya sa wa yarinyar da ba ta daɗe da fara Turanci ba wasa da kalmomin da bai dace da bakinta ba.

Arthur Laurents, 1917 zuwa 2011, ya rubuta ɗaya daga cikin gajerun rubutun wasa da aka sani a Broadway. Da gangan ya taƙaita magana ya bar wa kiɗa da rawa fili. Ya kuma ƙirƙiro wa samarin saran magana nasu na kansu, don ya san saran titi na gaske kan tsufa kafin a gama buga littafi.

Jerome Robbins, 1918 zuwa 1998, gwanin rawar bale ne, mutum mai wuyar sha'ani. Ya nemi mako takwas na atisaye maimakon huɗun da aka saba, ya kuma hana masu fitowa a Jets cuɗanya da masu fitowa a Sharks ko a lokacin hutu, don gabar ta shiga jikinsu. Akwai kuma tabo a tarihinsa: a 1953 ya bayyana gaban kwamitin Majalisar Wakilan Amurka mai farautar 'yan kwaminisanci, ya ambaci sunayen abokan sana'arsa. Laurents, wanda wannan farauta ta taɓa shafa, bai yafe masa ba, amma suka yi aikin tare. Dukansu huɗun Yahudawa ne, babu ɗan Puerto Rico ko ɗaya a cikinsu, abin da ya zama tushen muhawara daga baya.

Kiɗa da rawa

A nan ƙarfin wasan yake, kuma wanda ya karanta rubutun kaɗai bai ga rabinsa ba. Mintunan farko kusan babu magana: da taku da kaɗa yatsu da tsalle ake nuna yadda Jets ke riƙe da titi, yadda Sharks suka fara shigowa, da yadda tsokana ta zama gaba. Mai kallon da ya saba da finafinan Indiya ko na Kannywood ya san waƙar da ke dakatar da labari don masoya su bayyana zuciyarsu. A West Side Story rawar ba ta dakatar da komai. A cikinta Tony da Maria suke haɗuwa, a cikinta ake kisa.

Bernstein ya ɗaure kiɗan da wata tazarar sauti da makaɗa ke kira tritone, wadda kunne ba ya samun natsuwa da ita, kullum yana jiran a warware ta. A waƙar "Maria", gaɓoɓi biyun farko na sunan suna kan wannan tazara, gaɓa ta uku ta ɗan hau sama ta warware ta. A waƙar "Cool", inda samarin ke danne fushinsu, tazarar na ta dawowa tana ƙara matsi. A ƙarshen wasan ma tana nan a can ƙasa, ƙarƙashin sautin da ya kamata ya zama na salama. Waƙar "America" kuwa ta shahara da bugunta: ana ƙirga shida a raba uku-uku, sai shida na gaba a raba biyu-biyu, haka ake ta musanyawa, salon da ya samo daga kaɗe-kaɗen Latin Amurka. A "Tonight" ta kusa da ƙarshen kashi na farko, murya biyar ke tafiya lokaci guda, kowa na jiran dare ɗaya da manufa daban: gungu biyu na jiran faɗa, Anita na jiran Bernardo, masoyan na jiran juna.

Finafinai da sake nunawa

Fim ɗin 1961, wanda Robert Wise da Robbins suka ba da umarni, ya ci kyautar Oscar 10, shi ne kuma ya kai wasan duniya. Natalie Wood ce ta fito a Maria, Marni Nixon ta rera mata waƙoƙin. Rita Moreno, 'yar asalin Puerto Rico, ta ci Oscar da fitowarta a matsayin Anita, duk da haka sai da aka shafa mata hoda mai duhu kamar sauran 'yan Sharks. A 2009 Laurents ya sake shirya wasan a Broadway, Lin-Manuel Miranda ya mayar da wasu baitoci Sifaniyanci. Fim ɗin Steven Spielberg na 2021 ya ɗauki 'yan wasa masu asalin Latin Amurka a dukkan matsayin Sharks, ya bar maganganun Sifaniyanci ba fassara, Ariana DeBose kuma ta ci Oscar da fitowarta a matsayin Anita, shekara sittin bayan Moreno.

A makaranta

Hanyar da aka fi sabawa a ajin adabi ita ce a karanta shi kafaɗa da kafaɗa da Romeo and Juliet, har akwai bugun da ya haɗa rubutun biyu a littafi ɗaya. Ɗalibai kan fara da daidaita mutane: Tony da Romeo, Riff da Mercutio, Bernardo da Tybalt, barandar Juliet da matakalar ƙarfe ta bayan bene. Wannan aiki ne mai sauƙi, kuma malamin da ya tsaya a nan bai koyar da abu mai yawa ba. Darasin yana inda rubutun biyu suka rabu. A wurin Shakespeare, annoba ce ta hana saƙo isa ga Romeo, wato tsautsayi. A wurin Laurents, cin zarafin Anita ne ya juya saƙon ya zama ƙarya, wato ƙiyayyar mutane da kansu. Iyaye ne ke riƙe da gabar a Verona. A New York iyaye ba su ma bayyana a daɓe, cikin 'yan manyan da ake gani akwai ɗan sanda mai wariya, Laftanar Schrank, da Doc wanda ba mai jin maganarsa. Tambayar me ya sa aka bar Maria da rai kan ɗauki aji guda ana muhawara.

A ajin kiɗa akan sa ɗalibai su tafa bugun "America" har jikinsu ya kama musanyar, su kuma nemo tritone da kunne a waƙoƙi daban-daban. A Ingila, waƙar "Something's Coming" ta taɓa zama cikin waƙoƙin da hukumar jarrabawa ta Edexcel ta wajabta a darasin kiɗa na GCSE, jarrabawar 'yan sakandare. Malaman tarihi da zamantakewa kuma kan yi amfani da waƙar "Gee, Officer Krupke", inda samarin ke kwaikwayon alƙali da likitan ƙwaƙwalwa da jami'in jin daɗin jama'a, kowa na tura yaron ga na gaba. Akwai kuma tarihin unguwar kanta, San Juan Hill, wadda aka rushe aka tashi mazaunanta, galibi baƙar fata da 'yan Puerto Rico, don gina cibiyar fasaha ta Lincoln Center, wadda aka aza harsashinta a 1959.

Hawa daɓe da shi ya fi karanta shi wuya nesa ba kusa ba. Kiɗan na da sarƙaƙiya ga ƙungiyar makaɗan makaranta, waƙoƙin Tony da Maria na buƙatar murya mai horo, ga kuma neman samari da yawa da za su iya rawa. Makaranta ba ta da ikon nuna shi sai da lasisi daga kamfanin Music Theatre International, wanda ke da bugu na musamman don 'yan sakandare.

Sai batun yadda aka nuna 'yan Puerto Rico. Masu suka sun daɗe suna cewa wasan ya kafa musu hoton masu yawo da wuƙa a idon duniya, kuma baitin Anita na kushe tsibirin a "America" ya ɓata wa mutane da yawa rai tun 1957. Masu kare shi na cewa Sharks ba su fi Jets laifi ba a labarin, kuma wariyar da ake musu ita wasan ke tona wa asiri. A 1999 makarantar sakandare ta Amherst a jihar Massachusetts ta soke shirin nuna shi bayan ƙorafin ɗalibai da iyaye, lamarin da ya jawo cece-kuce a faɗin ƙasar. Makarantun da ke ci gaba da shirya shi kan fuskanci tambayar wa zai fito a Sharks idan ba su da ɗalibai masu asalin Latin Amurka, tunda shafa hoda irin ta 1961 ba abin da ake karɓa ba ne yanzu. A aji kuwa, malamai da dama kan jera "America" ta daɓe, inda 'yan matan Sharks ke gardama a junansu, da ta fim ɗin 1961, inda aka mayar da ita sa-in-sa tsakanin maza da mata aka kuma ƙara baitocin da ke sukar wariya a Amurka, sannan da ta 2021, su bar ɗalibai su gano abin da aka cire da abin da aka ƙara a kowane zamani.