Bindigar Martini-Henry

Martini-Henry bindigar soja ce mai cin harsashi ɗai-ɗai, wadda ake ɗura wa harsashi ta baya, kuma take aiki da baƙin albarushi, wato irin albarushin da ke tashin farin hayaƙi mai kauri wanda 'yan bindigar sarakuna ke ɗurawa a lokacin hawan salla. Rundunar sojan Birtaniya ta amince da ita a shekarar 1871, ta fara raba ta ga dakarunta da yawa wajen 1874, kuma ta kasance babbar bindigar sojan ƙasa har zuwa 1888 lokacin da Lee-Metford mai cin harsashi da yawa ta gaje ta. Ana ƙiyasta cewa an ƙera tsakanin rabin miliyan zuwa miliyan ɗaya. A yau tana cikin tsoffin bindigogin da masu tara kayan tarihi da masu wasan harbi a Birtaniya da Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu suka fi nema.

Asali

A tsakiyar shekarun 1860 ƙasashen Turai suka fahimci cewa zamanin bindigar da ake ɗurawa ta baki ya wuce, musamman bayan da sojojin Furusiya, wata daular Jamusawa ta wancan zamani, suka nuna fifikon bindiga mai ɗuri ta baya a yaƙe-yaƙen 1864 da 1866. Birtaniya ta fara da maganin wucin gadi, inda a 1866 ta yanke gindin tsoffin bindigoginta na Enfield samfurin 1853 ta dasa musu wata ƙofa da Ba'amurke Jacob Snider ya ƙirƙiro, aka sami bindigar Snider-Enfield. A lokaci guda ma'aikatar yaƙi ta buɗe gasa domin samun sabuwar bindiga tun daga tushe, kuma bayan gwaje-gwajen da suka ɗauki shekaru, kwamitin ya zaɓi haɗa aikin mutum biyu a wuri ɗaya.

Na farko shi ne Friedrich von Martini, injiniya mazaunin ƙasar Suwizalan, wanda ya tsara sashen da ke kulle harsashi. Tsarin ba nasa ba ne kacokan, domin Ba'amurke Henry O. Peabody ya riga ya yi rajistar irin wannan ƙarfe mai sunkuyawa a 1862. Abin da Martini ya yi shi ne cire gudumar da ke waje, ya sa allura mai aiki da naɗaɗɗen sifirin a cikin ƙarfen kansa, ta yadda motsi ɗaya ke buɗe bindigar ya kuma ɗana ta. Na biyu shi ne Alexander Henry, maƙerin bindigogi a birnin Edinbura, wanda ya tsara zanen cikin bututun mai kusurwa 7 da ke murɗa harsashi. Sunan Peabody bai shiga sunan bindigar Birtaniya ba, ko da yake ya fito a na Daular Usmaniyya, wadda ta yi odar bindigogi kimanin 600,000 masu suna Peabody-Martini daga kamfanin Providence Tool na Amurka, kuma da su ne sojojin Usman Pasha suka tsare garin Plevna a gaban Rashawa a 1877.

Ƙira da yadda take aiki

Tsawon bindigar ya kai kimanin santimita 124, bututunta kimanin santimita 84, nauyinta kuwa ya kusa kilo 4 ba tare da banati ba. A ƙarƙashinta, bayan kunama, akwai wani mariƙi na ƙarfe. Idan aka tura shi ƙasa sai gaban ƙarfen kullewa ya sunkuya, bakin ɗakin harsashi ya buɗe, tsohon ƙwanso ya fito, allura kuma ta ɗanu. Soja ya zura sabon harsashi ta kan kwarmin da ke saman ƙarfen, ya mayar da mariƙin, shi ke nan ta shirya. Samfuran da aka raba wa sojoji ba su da makullin tsaro, sai wata 'yar alama mai siffar ɗigon ruwa a gefen dama da ke nuna ko a ɗane take. Ƙwararren soja yana iya harba kusan harsashi 12 a minti ɗaya.

An yi samfura huɗu. Na farko da na biyu, wanda ya fito a 1877, su ne suka ga mafi yawan yaƙe-yaƙe. Na uku ya biyo baya a 1879, na huɗu kuma, wanda ake gane shi da dogon mariƙi, ya fito a ƙarshen shekarun 1880, kuma akasarinsa Indiya aka tura shi. Akwai kuma gajeru da aka yi wa sojan doki da na igwa. Masana'antar gwamnati da ke Enfield ce ta ƙera mafi yawansu, sai kamfanoni irin su Birmingham Small Arms da London Small Arms.

Harsashi

Harsashinta shi ne wanda ake kira .577/450, lambobin da ke nuna cewa gindin ƙwanson yana da faɗin na Snider amma an matse wuyansa zuwa kimanin kashi 45 cikin 100 na inci. Ana ɗura masa kimanin giram 5.5 na baƙin albarushi, sai dunƙulen darma mai nauyin giram 31 da aka naɗe da farar takarda, tare da ɗan faifan kakin zuma a bayansa domin tausasa dattin da albarushin ke bari. Darmar tana fita da gudun kimanin mita 410 a daƙiƙa. Gajerun bindigogin suna da nasu harsashin mai sauƙi, da darma mai giram 26 da ɗoriya.

Ƙwanson farko, tsarin Kanal Edward Boxer na masana'antar Woolwich, ba a zuba shi ko a ja shi daga ƙarfe ɗaya ba. Siririn fallen tagulla aka naɗe aka manna wa gindi na baƙin ƙarfe. Yana da arha, amma yana lanƙwashewa a cikin jaka, kuma idan bututu ya yi zafi dattin albarushi ya taru, yakan maƙale har abin cirewa ya fizge gindin ya bar sauran a ciki. Wannan aibi, tare da naushin da bindigar ke yi wa kafaɗa idan ta yi datti, su ne manyan ƙorafe-ƙorafen sojoji a kanta.

A fagen fama

Yaƙin da ya fi ɗaga sunanta shi ne na Turawan Ingila da Zulu a 1879. A ranar 22 ga Janairu dakarun Sarki Cetshwayo suka murƙushe sansanin Birtaniya a Isandlwana, suka kashe mutum fiye da 1,300, suka kuma kwashe bindigogi da harsasai masu yawa. An daɗe ana ɗora laifin a kan akwatunan harsashi masu wuyar buɗewa da kuma maƙalewar bindigogi, amma masana tarihi na baya-bayan nan sun fi karkata ga warwatsuwar layin tsaro da kuma ƙwarewar Zulu. Da yammacin wannan rana zuwa wayewar gari, kimanin mutum 150 na ɓangaren Birtaniya a wani ƙaramin sansani mai suna Rorke's Drift suka kare kansu daga mayaƙan Zulu 3,000 zuwa 4,000, inda aka ce sun harba harsashi wajen 20,000.

An yi amfani da ita a yaƙin Afganistan na biyu tsakanin 1878 da 1880, da yaƙin farko da Turawan Boer, da mamayar Masar a 1882. A Sudan kuwa, yashi da zafi suka fito da raunin ƙwanson fili, musamman a karon Abu Klea ranar 17 ga Janairun 1885, lokacin da Ansar, mabiya Mahdi, suka kutsa cikin sahun Turawa. Bayan wannan ne aka koma ga ƙwanso na tagulla guda, aka kuma tsawaita mariƙi a samfuri na huɗu domin ƙara ƙarfin cirewa. A yaƙin Omdurman na 1898 bataliyoyin Masar da na Sudan har lokacin Martini-Henry suke riƙe da ita, alhali sojojin Ingila sun koma sabuwar bindiga. An sake wa dubban bindigogin Martini-Henry bututu zuwa harsashin .303, aka kira su Martini-Metford da Martini-Enfield, aka raba wa rundunonin mulkin mallaka.

Tara ta a matsayin kayan tarihi

Masu tarawa suna karanta tarihin kowace bindiga daga tambarin da ke jikinta: kambin sarauta da haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya, sunan masana'anta, shekarar ƙira, lambar samfuri, da tamburan rumbunan makamai na Indiya da ake bugawa a katakon gindi. Kasuwar ta canza a 2003, lokacin da kamfanin International Military Antiques ya sayi tsohon rumbun makaman masarautar Nefal da ke fadar Lagan Silekhana a Katmandu, wanda ya ƙunshi tsoffin bindigogi fiye da 50,000. A cikinsu akwai Martini-Henry na asali da Birtaniya ta ba Nefal, akwai kuma na gida irin su Gahendra, waɗanda aka ƙera da hannu kuma da yawa daga masana ba sa ba da shawarar harba su.

Babbar matsalar mai saye ita ce kwaikwayon da maƙeran yankin mashigar Khyber, da ke kan iyakar Pakistan da Afganistan, suka daɗe suna yi. Wasu sukan tona asirin kansu da harafin N da ya juya baya a kalmar Enfield, ko tambarin Biktoriya tare da shekarar da ta wuce 1901, shekarar mutuwarta. Ƙarfensu ba shi da tabbas, don haka na rataye ne kawai.

A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka ƙera kafin 1899 tana cikin kayan tarihi. A Birtaniya ana iya ajiye mai cin .577/450 a matsayin kayan ado ba tare da lasisi ba, amma wanda zai harba ta sai ya sami takardar izini.

Harbi da sake ɗuri

Tun da manyan masana'antu sun daina yin wannan harsashi, mai son harbi shi ke haɗa nasa. Wasu suna sayen sabon ƙwanso daga ƙananan kamfanoni irin su Bertram na Ostireliya, wasu kuma suna matse ƙwanson tagulla na bindigar farauta mai lamba 24 bayan sun gasa wuyansa domin ya yi laushi. Ƙwanson zamani ya fi na da faɗin ciki, kuma ƙa'idar baƙin albarushi ita ce kada a bar sarari tsakaninsa da darma, saboda haka ake cike gurbin da ulu ko auduga. Faɗin bututu ya bambanta daga bindiga zuwa bindiga, abin da ke sa a auna shi kafin a zaɓi abin zuba darma. Masu son bin tsarin asali suna naɗe darmar da takarda, sauran kuma suna amfani da mai kwarmi da ake cika wa maiƙo. Ba a zuba mata albarushin zamani marar hayaƙi a madadin baƙi gwargwado ɗaya, domin ƙarfinsa zai iya fasa ta, kuma ana kai kowace tsohuwar bindiga wurin ƙwararren maƙeri ya duba ta kafin harbin farko.

Dattin baƙin albarushi yana jan danshi ya haifar da tsatsa cikin ɗan lokaci, don haka ake wanke bututun da ƙwanson da ruwan zafi a ranar da aka yi harbi, a busar, sannan a shafa wa bututun mai.