Kafin ka ce "ku sa sunana" a tseren karɓa-karɓa na iyo da keke da gudu

Galibi ta waya abin ke farawa. Saura mako biyu ko uku a yi tsere, mutum ɗaya ya janye daga tawagar kulob ɗin unguwa ko na wurin aiki, sai a kira ka: "Yallaɓai, ai ka iya iyo ko? Don Allah ka cike mana gurbi, mita 750 ne kacal." Ka ji nauyin wanda ya kira, ka tuna yadda kake ƙetare kududdufin garinku kana yaro, sai ka ce ba komai. 'Yan'uwanmu masu karatu ko aiki a Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu sun san irin wannan kira. Mu kuma ma'aikatan lafiya wannan "ba komai" ɗin ne ke tayar mana da hankali.

Wasan da ake kira tirayatlon tsere ne guda uku a haɗe: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. A San Diego ta Amurka aka fara shi a siffarsa ta yanzu a 1974, ya shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000 da iyon kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Ƙananan kulob sun fi yin rabin wannan: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Na karɓa-karɓa kuma iri biyu ne. Akwai wanda mutum uku ke raba aikin, kowa ya ɗauki fanni ɗaya. Akwai kuma wanda kowa zai yi duka ukun a gajarce, kamar wanda ya shiga gasar Olamfik karon farko a Tokiyo a 2021, mata biyu maza biyu, Birtaniya ta ci zinare. Na farkon ne ya fi jan sababbin shiga, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Wasa ne mai kyau, kada wani ya ɗauka hana shi na zo yi. Wanda ke fita atisaye sau uku a mako saboda abokansa na jiransa ya fi mai zaman kujera nisa da hawan jini da ciwon suga. Matsalar ita ce karɓa-karɓa na da tarko guda biyu da tseren mutum ɗaya ba shi da su. Na farko, da yake fanni ɗaya ne rabonka, sai ka raina shi, ka ƙi shiri. Na biyu, kara da kunya. Wanda ke tsere shi kaɗai, in ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, zai tsaya. Wanda ya san mutum biyu sun biya kuɗin rajista, sun tashi tun asuba, suna tsaye suna jiran ya miƙo musu ɗan abin auna lokacin nan da ake ɗaurawa a idon sahu, shi cije haƙori zai yi ya ci gaba. Haka kuma zai ɓoye zazzaɓin da ya kwana da shi shekaranjiya.

A ruwa haɗarin ya fi yawa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a irin wannan tsere daga 1985 zuwa 2016. Mutum 90 daga ciki a wurin iyo abin ya same su. Mafi yawansu maza ne masu matsakaicin shekaru, kuma haɗarin na ƙaruwa sosai daga shekara 40 zuwa sama. In an auna da yawan masu shiga, adadin kaɗan ne, bai kai mutum biyu a cikin dubu ɗari ba. Amma ya nuna mana inda ya kamata a sa ido. Abin takaici, a tawagar da aka harhaɗa cikin gaggawa, iyo shi ne fannin da kowa ke gudu, don haka yakan faɗa kan wanda ya fi kowa jin nauyin cewa a'a.

Iyo a kwamin wanka daban, iyo a tafki daban. A kwami kana ganin ƙasa, kana da bango duk bayan mita 25. A tafki ruwan duhu ne, ka sa fuska ba ka ganin ko tafin hannunka. Ana busa usur mutum hamsin ko ɗari su afka lokaci ɗaya, wani ya haure ka a haƙarƙari, wani ya ture maka gilashin ido, ka ɗago kai don numfashi igiyar ruwa ta cika maka baki. In a ƙasa mai sanyi ne, ga rigar roba ta matse ƙirji, ga sanyin ruwan da ke sa mutum haki ba da son ransa ba a minti ɗaya zuwa biyu na farko. A nan firgici ke kama mutane, har da waɗanda suka iya, don ruwa ma gwani yake ci. Zuciya tana bugu da ƙarfi saboda tsoro da yunƙuri, sanyi a fuska kuma yana umartar ta da ta sassauta. Zuciyar da ke da wata lalura a ɓoye tana iya rikicewa a daidai nan, kuma a tsakiyar tafki babu mai danna maka ƙirji sai an fito da kai.

Saboda haka mai iyon tawaga ya zama wanda zai iya ninka nisan tseren a kwami ba tare da ya taɓa bango don hutu ba, kuma ya taɓa gwada buɗaɗɗen ruwa tare da masu ceto kafin ranar. Ranar tsere ka shiga ruwan da wuri in an ba da dama, ka jiƙa fuska da wuya, numfashi ya daidaita. Ka tsaya baya ko gefe, ka bar masu gaggawa su wuce, daƙiƙa ashirin ba za ta kayar da tawaga ba. In numfashi ya ƙwace, juya ka kwanta rigingine, ka ɗaga hannu ɗaya. Masu kwalekwale don haka aka ajiye su, kuma a yawancin tsere an yarda ka riƙe kwalekwalen ka huta muddin bai ja ka gaba ba. Amma in tari ya zo da kumfa mai ratsin jini, ko ƙirji na ƙugi, ruwa ne ke taruwa a huhu. Wannan ba na hutu ba ne, fita za a yi, kuma masu hawan jini sun fi fuskantarsa. 'Yan'uwa mata masu son suturta jiki, a nemi rigar iyo mai rufe jiki wadda aka ɗinka don iyo. Sakakken tufafi yana shan ruwa, yana naɗe ƙafa.

Akwai tambayoyin da nake so kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah kafin ya biya kuɗin rajista. Ka taɓa suma ko jin jiri kana motsa jiki? Ƙirjinka na ciwo ko nauyi in ka hau bene? A danginku akwai wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya bai kai shekara 50 ba? Yaushe rabonka da awon jini? In ɗaya daga ciki ya taɓa ka, ko ka haura 40 kuma ka daɗe ba ka motsa jiki, ga likita tukuna. Mai farfaɗiya kuwa kada ya karɓi fannin iyo sai da izinin likitansa da sanin masu ceto.

Sai maganar jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Mai AS ba mai sikila ba ne, kuma yana iya wasanni har ya zama zakara. Sai dai in tsananin yunƙuri ya haɗu da zafi da ƙishirwa, tsokarsa na iya fara lalacewa: ƙafafu su mutu, su yi ciwo ba tare da sun ƙage ba, mutum ya sulale ƙasa yana cikin hayyacinsa. Dalilin ke nan da hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman 'yan wasan babban rukuninta su yi gwajin jini na gano AS tun 2010. Ka san jininka, ka rubuta shi a bayan lambar da za ka maƙala a riga, tare da magungunan da kake sha. Likitan tanti a Turai ba lalle tunaninsa ya kai nan da wuri ba.

Shi kansa ruwan abin tambaya ne. Faransa ta kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace kogin Sen da ya ratsa Faris, inda aka shirya yin iyon tseren, amma duk da haka sai da aka ɗage tseren maza na Olamfik ta Faris a 2024 da kwana ɗaya saboda ƙwayoyin cuta bayan ruwan sama. A 1998 kusan mutum ɗari sun kwanta rashin lafiya bayan wani tsere a tafkin Sifirinfil ta jihar Ilinoi, inda aka gano cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera da dabbobi. A gida kuwa, duk mai tunanin yin atisaye a dam ko rafi ya tuna da tsargiya. Ba sai ka sha ruwan ba, ta fata take shiga, kuma wanka da sabulu bayan an fito ba ya tabbatar da kariya. Kwami mai magani ya fi.

Mai keke, taka gajeriya ce. A ɗaure hular kwano kafin a taɓa keken, kada a kwance ta sai an jingine shi, doka ce ma. A gwada birki da iskar taya tun ana gobe tsere, kuma kada a hau keken aro a karon farko ranar tsere. A kula sosai a kwanar hanya da layin da ake sauka daga keke, don ana faɗuwa a nan.

Mai gudu ne ake mantawa da shi. Yana tsaye a filin canji, inda 'yan tawaga ke karɓar juna, awa ɗaya ko fiye, rana na dukansa, yana ta leƙen hanya, yana kurɓar ruwa don fargaba. Ga shi shi ne zai fita lokacin da rana ta fi zafi, kuma da yake ƙafarsa sabuwa ce sai ya ɗiba da gudun da ba zai iya riƙewa ba. A nemi inuwa a zauna. A sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, kada a ɗura, don yawansa na tsinka gishirin jini: a gudun famfalaƙi na Bostan a 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun gama da wannan matsala. Jiki kuma yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. In ka ga ɗan tawagarku yana tangaɗi, yana sambatu ko faɗa ba dalili, zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kada a tsaya jiran mota: a kira masu agaji, a tsoma shi a ruwan sanyi ko a yi ta kwarara masa da ƙanƙara ana fifita, sannan a tafi asibiti.

Maganin kashe zafin ciwo kafin tsere, don Allah a bari. Ibufurofen da diklofenak suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Tiramol kuwa, ban da jiri da gyangyaɗin da yake sawa a kan keke, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024.

Shawarar da na fi ba kyaftin ɗin tawaga ita ce ya tara mutanensa tun ranar rajista, ya faɗa da bakinsa cewa duk wanda ya yi zazzaɓi, gudawa ko mura mai sauka ƙirji a makon tsere ya janye, babu mai ganin laifinsa. A ajiye mutum na huɗu a matsayin madadi don maganar ta zauna. Ƙwayar cutar mura na iya kumbura tsokar zuciya, wanda ya tashi daga maleriya kuma jininsa bai gama dawowa ba. A tambayi masu shirya tseren ina tantin likita yake, akwai na'urar farfaɗo da zuciya, kwalekwale nawa ne a ruwa. In suka kasa amsawa, a nemi wani tseren.

Bayan an koma gida ma a ci gaba da lura. Fitsari mai duhu kamar baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, a je asibiti a ranar. Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sha-raɓa da jan ido cikin wata ɗaya bayan iyo a tafki, kada a sayi maganin maleriya a kemis a kwanta, a gaya wa likita an shiga ruwa, a faɗi ranar da wurin. Jini a ƙarshen fitsari bayan makonni ko watanni, a kai fitsarin gwaji. In tsargiya ce, akwai maganinta, furazikwantel, kuma da nauyin jiki ake auna yawan da za a sha.